Gonar Tuzurai

A ƙauyenmu tuzuru ba ya da gona. Ba wanda ya kafa wannan doka a gaban shaidu, ba kuma wanda na taɓa gani ya karya ta. Kana iya yin gemu, kana iya saɓa injin ban ruwa a kafaɗa daga bakin kogi har gida ba ka huta ba, amma muddin ba ka ajiye mace ba, gonar da kake nomawa ta babanka ce, tattasan da ka tsinka ka shanya nasa ne. In an kai kasuwa ya ɗinka maka kayan salla, ka durƙusa ka yi godiya. To, ka ce bari ka nemi auren, sai iyayen yarinya su aiko da tambaya guda: ina gonarsa? Ba gona sai da mata, ba mata sai da gona. Mai sa'a shi ne wanda babansa ke da fili da yawa, ya yanka masa gefe, ya yi masa aure a kaka ɗaya. Namu baban fadama ɗaya gare shi a bakin Kumadugu, tsakanin Diffa da Shetimari, kuma gidan gaba ɗaya daga cikinta yake ci.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 yayana ya haura talatin. Dogo ne, marar yawan magana, kuma shi ne ƙarfin gonar tun da gwiwar Baba ta fara ciwo. Ya nemi aure, aka tambaye shi gona. Ya sake nema a wani gida, aka sake tambayarsa. Daga nan ya daina zuwa zance, ya ninke babbar rigarsa ya sa a akwati. Ni kuwa ni ne aka kai lakol, wato makarantar boko. Na faɗi jarrabawar birebe, na dawo gida da Faransanci a baki da hannu mai laushi, ba aikin ofis, ba ƙwarin noma. Duk da haka Baba yana ji da ni. In ya yi baƙi sai ya kira ni in karanta musu abin da ke rubuce a jikin buhun taki, yana kaɗa kai kamar shi ya rubuta.

Mu samarin ƙauyukan bakin kogi muna da fadarmu a cikin Diffa, a ƙofar shagon wani mai gyaran inji. Benci biyu ne da tabarma, da butar shayi, da karta da ta sha hannu har ta yi laushi. In an tashi daga gona bayan la'asar sai a hau kekuna a zo a zauna, a zagi gwamnati, a zagi farashin mai, a yi gardamar ƙwallo. Lokacin jam'iyyu sun yi yawa a ƙasa, kuma duk sun san hanyar fadarmu. Zaɓe na matsowa za ka ga mota ta tsaya, an sauke sukari da ganyen shayi da riguna masu hoton mutum. Ranar taro mu ne masu kafa rumfa, mu ne masu jera kujeru, mu ne masu tafi. Kujerun da muka jera ba mu taɓa zama a kansu ba.

A haka wani mutum ya fara zuwa. Ma'aikacin gidan matasa ne da gwamnati ta turo daga can yamma, wajen Dogon Dutsi, siriri mai tabarau, ba ya jin Barbarci ko na gaisuwa. Animatar muke ce masa. Gidan matasan nasa ba komai a ciki sai teburin ƙwallo mai karyayyar ƙafa da jemagu, don haka bai ɓata bakinsa yana kiranmu can ba. Shi ya zo ya same mu a kan benci. Da farko mun ɗauka ɗan leƙen asiri ne, muka riƙa ba shi shayin ƙarshe wanda ya zama ruwa. Ya sha, ya gode, ya dawo washegari. Yana yi mana dariyar Hausarmu da muke mayar da mace namiji, mu kuma muna kwaikwayon "munka" da "sunka" ɗinsa har ya yi ta share hawaye.

Ba zan rage masa komai ba, mutumin ya yi aiki. Shi ya ja mu muka shiga ofis karon farko ba don an kama mu da laifi ba. Shi ya tsaya a kanmu har kowa ya yi takardar haihuwa da katin zaɓe. Ya koya mana a bar mutum ya gama maganarsa ko da wauta yake yi. Shekaru bayan haka, da aka fara zaɓen ƙananan hukumomi, mutum biyu daga kan bencin nan sun zauna a majalisar gari, kuma a wurinsa suka koyi tsayawa a gaban jama'a. In muka fara kuka da gwamnati sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kuka ba buƙata ba ne, samari. Mi kuke so? Wa ke da ikon ba ku shi? Ina yake zama?"

Wata rana labari ya zo cewa wani furoje, wato shirin raya karkara, zai haƙa hanyar ruwa daga kogi zuwa wani fili da ke yamma da ƙauyenmu, a baje ƙasar, a raba ta gona-gona. Kowa ya san yadda za a yi rabon: magidanci ɗaya, gona ɗaya. Ranar aka taru a fada. Animatar ya yi tambayarsa ta kullum. Can sai yayana, wanda sai ya yi mako bai ce uffan a fada ba, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Gona."

Daga wannan kalma aka fara. Muka yi shawara cewa a cikin sabon filin a ware wani yanki na samari, mai aure da marar aure, duk wanda ke noma da hannunsa. Animatar ya yi ta safa da marwa tsakanin ofishin kumandan, wato mai mulkin yankinmu, da na furoje, takalminsa ya cinye, har suka yarda cewa ranar babban taro da dattawa za a ba matasa dama mutum ɗaya ya yi magana. Da ya kawo labarin mun yi ta ihu har mai shago ya fito da sifana a hannu.

Saura wa zai yi maganar. Wani ya ce a ba yayana tunda shi ne babba. Animatar ya ce a'a, ba a gadon wannan, zaɓe za a yi. Aka jera huluna a ƙasa, kowa ya jefa ƙwallon dabino a hular wanda yake so. Yayana ya ɗauke tasa hular tun kafin a fara. "Ni me zan ce wa kumandan?" in ji shi. "Ga wanda ya yi lakol." Ƙwallayen duka a hulata suka faɗa, har da nasa. Kaina ya kumbura, kwana biyu ina tafiya kamar na haɗiyi taɓarya.

Muka shirya jawabi. Kowa ya kawo tasa da Hausa, ni da Animatar muna juyawa zuwa Faransanci. Akwai cewa matasa ne ke ɗaukar inji, su ke tsayawa cikin ruwa, su ke fesa magani, amma ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Akwai cewa saboda haka ne samari ke gudu tafkin Chadi kamun kifi, ko su shiga fasa-ƙwaurin mai a kan iyaka. Akwai kuma ta yayana, wadda ya faɗa yana kallon ƙasa: ba so muke mu rabu da iyayenmu ba, so muke mu ma wata rana mu shiga gaishe su da buhun da muka noma a tamu gonar. Muka yi ta gwaji. Wani ya ɗaura gyale a wuya ya zama kumandan, wani ya zama shugaban furoje, suna jefo mini tambayoyi masu wuya ina amsawa. Animatar ya gyara mini tsayuwa, ya gyara mini inda zan ja numfashi, ya ce in riƙa kallon mutum a ido.

Duk gwajin nan ba wanda ya taɓa zama Baba. Ba a manta ba ne, babu dai wanda zai iya. A gidanmu ban taɓa yi wa Baba magana a tsaye ba. Sai na tuɓe takalmi, na durƙusa, na kalli tabarma. In abu mai nauyi nake so, ba ni zan faɗa ba: in gaya wa Inna, Inna ta gaya wa baffanmu, baffa ya nemi ranar da Baba ke cikin nishaɗi. Haka kowane gida yake a bakin kogin nan. Kuma a raina na riga na yi lissafina ban gaya wa kowa ba. Kumandan yana da tafintansa, wani dattijo Babarbare mai furfura da ke bin sa kowane taro. Ni zan yi Faransanci ina kallon manya, tsohon ya juya wa dattawa. Maganar za ta shiga kunnen Baba daga bakin sa'ansa, kamar yadda ta saba shiga. Da wannan nake barci.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar bulama, wato mai garinmu, tun hantsi. Dattawa suka zauna a gaba, Baba a layin farko da farar rigarsa da carbi. Samari suka tsaya a baya, jikin kekuna. Motoci biyu suka zo. Kumandan ya yi magana, tafinta ya juya. Shugaban furoje ya buɗe taswira ya yi bayani, tafinta ya juya. Bulama ya yi godiya mai tsawo. Sannan aka ce wakilin matasa.

Na fito na karɓi makirfo. Wallahi na yi magana ranar. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na juya wa tabarmi gefe, na kalli kumandan a ido kamar yadda aka koya mini, na faɗi komai: injin, ruwan, tafkin, fasa-ƙwaurin, har buhun yayana. Shugaban furoje ya ajiye taswirarsa yana saurare. Da na gama kumandan da kansa ya tafa, ya ce wannan magana ce mai ma'ana, kuma shi ba shi da ja. Amma ƙasa ta mutanen gari ce, in ji shi, ba zai tilasta musu ba. A gaya musu, in sun yarda shi ke nan.

Tsohon tafinta ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya yi gyaran murya. Na fara miƙa masa makirfo. Sai na ji muryar Animatar daga gefe, cike da murna.

"A'a, baba, zamna ka huta! Ranka ya daɗe, a bar yaron ya hwaɗi da bakinshi. Harshen uwarshi ne. Wanga shi ne abin da muke nema, matasa su yi ma iyayensu magana kai tsaye."

Kumandan ya ce madalla, haka ya fi. Tsohon ya dube ni. Shi kaɗai a cikin masu kujera ya san abin da aka yi mini. Sannan ya koma ya zauna a hankali.

Na juya. Ga Baba a ƙasa, ga ni a tsaye a kansa da takalmi a ƙafa da ƙarfe a baki. Fuskarsa sai haske take yi. Bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dai ga ɗansa ya yi magana kumandan ya tafa, yana ta duban na kusa da shi don ya tabbata sun gani. Can baya kuma ga yayana, ya fi kowa tsawo, hannunsa a kan sirdin keke.

Ba wai Barbarci ba shi da kalmomin ba ne. Yana da su tsaf, kuma duk suna bakina. Amma da Faransanci na ce "matasa" da "iyaye", kuma waɗannan ba kowa ba ne, mutanen takarda ne. Da harshen gida babu su. Akwai ni, akwai shi. In na ce muna noma ba mu da komai, cewa na yi Baba yana cin guminmu, a gaban bulama, a gaban surukan gari, ta lasifika. In na ce samari na gudu saboda rashin gona, cewa na yi ya kasa riƙe gidansa. Mutumin da gwiwarsa ta lalace a fadamar nan don mu ci. Daga ranar ba zai ƙara zama a layin farko ba, ni kuma sunana ɗan lakol da ya tsiraita ubansa. In kuma na yi shiru, ga mutanen da suka cika hulata da ƙwallon dabino suna jira. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro na ji, da wani irin baƙin ciki da ban taɓa ji ba.

Bakina ya buɗe ya bi hanyar da ya sani. Na gaida bulama, na gaida iyayenmu ɗaya bayan ɗaya, na yi musu sannu da zama cikin rana. Na ce na yi wa baƙi godiya a madadin gari. Na ce ƴaƴanku suna bayanku, ba su da wani gata sai ku, suna roƙo in ranar rabo ta zo ku tuna da su. Na yi addu'a Allah ya ja kwanansu. Na tsaya.

Dattawa suka amsa da amin. Bulama ya ce ai abin da uba ya samu na ɗa ne, wa zai manta da ɗansa? Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Kumandan ya tambayi tafinta ko sun yarda. Tsohon ya miƙe ya ce da su, "Ana tambaya, kun yarda da abin da yaron ya faɗa?" Suka ce sun yarda, da murya ɗaya. Ya juya ya ce wa kumandan sun yarda. Bai yi ƙarya ba, bai kuma kalli inda nake ba. Kumandan ya ce to alhamdu lillahi, tunda an daidaita, bulama da dattawa su yi rabon, su suka san mutanensu. Aka yi fatiha, motoci suka tashi.

Animatar ya rungume ni a gaban mutane. "Kun gani?" yake ta cewa. "Kun gani? Ba na ce muku ba? In kunka yi magana ana ji!" Samarin suna tsaye jikin kekunansu, duk Barebari, duk sun ji abin da na faɗa. Ba wanda ya gaya masa. Ba kuma wanda ya zage ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kowannensu yana da uba a kan tabarmar nan, kowa ya san da shi ne da haka zai yi, ko ma ya kasa buɗe baki. Har yau in na zauna na sake jera ranar a kaina, ina neman inda zan sa maganar ta fita ba ta kashe kowa ba, ban samu ba.

Bayan damina aka yi rabo, magidanci ɗaya gona ɗaya. Animatar ya je ofis da zafinsa, aka ce masa ai jama'a sun amince a gabansa, rabo kuma na dattawa ne. Sai a lokacin mai gyaran inji ya zaunar da shi ya warware masa abin da ya faru. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Da ya buɗe baki bai ce don me ka yi haka ba. Cewa ya yi, "Don mi ba ku gaya mini ba tun muna gwaji?" Abin da ka tashi a cikinsa ba ka sanin abin faɗa ne. Ya ce to, a sake shiri, a fara da dattawan, a bi su gida-gida da wanda suke jin nauyinsa. Shawara ce mai kyau, amma filin ya riga ya ƙare.

Baba ya samu gona ɗaya a sabon filin. Na bi hanyar da aka saba: na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa baffa, baffa ya jira Juma'a bayan an ci abinci ya ce ko za a bar wa babban yaron sabuwar gonar. Baba bai yi fushi ba. Ya ce ai dama tasa ce, wa zai ba in ba shi ba? Ranar da ya yi aure, tasa ce.

Yayana ya noma ta shekarar, tattasai ya yi kyau, aka kai kasuwa, aka ɗinka mana kayan salla iri ɗaya. Duk tsawon watannin nan bai taɓa tayar mini da zancen taron ba. Muna ci a kwano ɗaya, muna kwana a ɗaki ɗaya, yana gyara mini keke in ya lalace. Na so ya yi mini faɗa, ko ya mare ni, in samu in numfasa. Bai yi ba.

Bayan salla ya ce zai je tafki, wai wani abokinsa na da kwale-kwale a wajen Bosso. Ya durƙusa ya sallami Baba, Baba ya sa masa albarka ya ce ya dawo kafin dashe. Ni na raka shi tasha a Diffa, na ɗauko masa jaka a bayan keke. Motar ta cika da buhuna da mutane, ya hau can sama ya zauna, na miƙa masa jakar. Direba ya tayar da mota. Sai ya sunkuyo, ya yi mini magana da Hausa, harshen fada, ba da na gida ba. Ba fushi a muryarsa ko kaɗan.

"Ƙanena," ya ce, "ranar taro, na Faransancin ya fi tsawo."